SHIN GARIN ZAFI NA IYA RIƘE ƘUNGIYAR ƘWALLO TA SANA'A?

Kowace shekara, da zarar ɗari ya fita bazara ta kunno kai, sai wata tsohuwar magana ta komo bakin masu sha'awar tamola a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ana cewa ƙasar da ma'aunin zafi ke zarce digiri 40 cikin watannin Afrilu da Mayu ba ta da rabo ga ƙwallon sana'a, watau irin wanda ɗan wasa ke ci da shi, ya sha da shi, ya riƙe iyalinsa da shi kamar yadda tela ke riƙe gidansa da kekensa. Masu wannan magana sukan nuna filin da ciyawarsa ta ƙone, da wuraren zama da ba kowa, da samarin da ke haki tun ba a yi rabin sa'a ba, su ce ga shaida nan. Maganar tana da daɗin ji, domin ta ɗauke wa kowa nauyi. In rana ce mai laifi, ba wanda za a tuhuma, tun da ba a kai rana ƙara gaban alƙali. Amma in aka duba da kyau, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Ba wanda ke musun cewa zafi abin tsoro ne ga mai gudu. Ɗan wasan sana'a yakan yi gudun wajen kilomita 10 cikin minti 90, kuma a yini mai zafi yana iya zubar da gumi lita 2 ko fiye kafin alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe. In ruwan jiki ya ragu, jini na yin kauri, zuciya na ƙara bugawa, ƙafa na nauyi, hankali na raguwa. In kuwa zafin cikin jiki ya haura digiri 40, to, an fita batun wasa an shiga batun rai. Shi ya sa hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta yarda da tsai da wasa don a sha ruwa a huce, kuma aka fara yin hakan a hukumance cikin gasar kofin duniya ranar 29 ga Yuni 2014 a birnin Fortaleza na Barazil, sa'ad da Holan ta kara da Meziko. Shi ya sa kuma aka ɗage gasar kofin duniya ta Katar daga tsakiyar shekara aka kai ta 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disamba 2022. Zafin Sahel kuwa ba raguwa yake ba: ranar 3 ga Afrilu 2024, ana cikin azumi, an auna digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali. Duk wanda ya ce a sa yara gudu cikin irin wannan wuta da sunan ƙarfin hali, bai san darajar ɗiyan mutane ba.

To, amma abin lura a nan shi ne, waɗannan misalai duka suna magana ne bisa sa'a da wata. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ce a bar wasa. Cewa suka yi a canza lokacinsa. A nan ne matsalar garuruwan Nijar take. Filin da ba shi da fitilu dole ya gama wasa kafin magariba, saboda haka dole a soma da la'asar sakaliya, daidai lokacin da ƙasa ta gama shan rana tana mai da zafinta sama. A Damagaram ma abin ya fi tsanani, domin rana na riga faɗuwa can da kusan rabin sa'a bisa ga Yamai, alhali agogo ɗaya ne. Ma'aikaci bai tashi aiki ba, ɗan kasuwa bai rufe rumfarsa ba, magidanci ba ya kai ɗansa ya zauna bisa sumuntin da ke ƙuna kamar tanda. In filin ya zama wayam a wannan sa'a, ba a ce gari ya ƙi ƙwallo ba. An dai kira mutane a lokacin da mai hankali ke neman inuwa.

Wanda ke shakka, ya dubi Garwa. Garin yana arewacin Kamaru, bakin kogin Binuwai, yana cikin garuruwan da suka fi zafi a wannan ƙasa, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a kasuwarsa. A shekarar 1986 aka kafa ƙungiyar Coton Sport a can, ƙarƙashin kamfanin auduga na Sodecoton. Kafin nan manyan ƙungiyoyin Kamaru na Yawunde da Duwala ne, watau kudu mai ruwa da ciyawa. Amma tun daga 1997, da ta ci gasar ƙasa karo na farko, ƙungiyar Garwa ta ɗauki kofin fiye da sau 15, kuma a 2008 ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka, inda Al Ahly ta Misira ta tsai da ita. Ranar Garwa ba ta yi sanyi ba cikin waɗannan shekaru. Abin da ya canza shi ne an sami mai biyan albashi ƙarshen wata ba fashi, an sami filin horo, an sami masu neman yara tun suna ƙanana. Abin da ya kamata ya sa magabatan wasanni na Nijar tunani kuwa, shi ne cewa ɗiyan ƙasar nan, irin su mai tsaron gida Kassaly Daouda da Kamilou Daouda, can suka tafi suka ci abinci da ƙafarsu. Sun bar zafi sun tarar da zafi. Abin da suka bi shi ne albashi.

Kano ma, wadda bazararta ba ta bambanta da ta Maraɗi ba, tana da Kano Pillars, da ta ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma fitar da Al Ahly ɗin nan daga kofin zakarun Afirka a 2009. Gwamnatin jiha ke riƙe da ita, jama'ar gari kuma ke cika mata fili.

Misalin da ya fi kowane nauyi shi ne na Umdurman a ƙasar Sudan. Babban birnin Sudan na cikin biranen da suka fi zafi a duniya, amma a nan ne ƙungiyoyin Al Hilal da Al Merrikh suka girma har suka raba ƙasa gida biyu, kowane gida da launinsa. Al Merrikh ta ci kofin masu kofuna na Afirka a 1989, Al Hilal kuwa ta kai wasan ƙarshe na kofin zakaru a 1987 da 1992. Mutanen Umdurman sun daɗe da gane cewa dare ne lokacin wasa a ƙasar zafi, sai suka mai da zuwa fili wata irin hira ta bayan sallar magariba. Shekaru da dama zafi bai kore su daga filayensu ba. Yaƙin da ya ɓarke cikin Afrilu 2023 shi ya kore su, har ƙungiyoyin biyu suka tafi suka yi kakar wasa ta 2024 zuwa 2025 cikin gasar ƙasar Muritaniya, wadda ita ma hamada ce. Wannan labari mai ban tausayi yana nuna inda haɗarin gaske yake ga ƙungiyar ƙwallo: zaman lafiya da riƙo, su ne jijiyarta.

Har a ƙasashen masu arziki an yi wannan gardama. A Amurka, farkon shekarar 2002, babbar gasar ƙasar ta rufe ƙungiyoyi biyu na jihar Fulorida, Miami Fusion da Tampa Bay Mutiny. Nan da nan wasu suka yanke hukunci cewa kudancin ƙasar, da zafinsa da gumin iskarsa, ba wurin tamola ba ne. Alhali kuwa Miami Fusion ita ta fi kowa maki a kakar 2001. Abin da ya kashe ta ƙarancin kuɗin shiga ne da gajiyar mai ita, ita kuma ta Tampa ba a ma sami attajirin da zai ɗauke ta ba. A 2020 wata sabuwar ƙungiya, Inter Miami, ta fara wasa a sabon filin da aka gina daidai wurin da tsohon yake, kuma tun da Lionel Messi ya zo a 2023 neman tikitinta ya zama aiki. Wuri ɗaya, rana ɗaya, sakamako biyu. A birnin Finiks kuwa, cikin hamadar Arizona, an yi kwana 31 a jere a tsakiyar 2023 zafi bai sauka ƙasa da digiri 43 da rana ba, amma a ƙarshen wannan shekara ƙungiyar garin, Phoenix Rising, ta ɗauki kofin gasa mai daraja ta biyu ta ƙasar. Da dare take wasa a watannin zafi, ba wani asiri.

Sai dai kada a ɗauka cewa zafi kyauta yake barin gari. Yana da haraji, kuma harajin nan shi ne ainihin abin da ya kamata a zauna a yi lissafinsa maimakon tsinuwar rana.

Harajin farko wuta ce. Wasan dare na bukatar fitilun da ba su mutuwa tsakiyar wasa, alhali bazara ita ce lokacin da kowane gida da kowane ofis ke jan lantarki, ita ce kuma lokacin da aka fi ɗaukewa. Jama'a ba su manta da watan Agusta 2023 ba, sa'ad da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da ƙasa ke amfani da shi. Wanda ya ga haka ya san filin wasa ba ya dogara ga waya ɗaya. Ga shi kuwa ranar da ake zargi ita ce ke da maganin: tashar Gorou Banda kusa da Yamai, mai ƙarfin megawat 30, da aka kammala a 2023, da hasken rana take aiki. Fitilun zamani ba su cin wuta kamar na da, kuma filin wasa ba ya bukatar su sai 'yan sa'o'i a mako. Allunan hasken rana bisa rufin rumfar 'yan kallo, da batura, da injin ko-ta-kwana, aiki ne da hukumomin gari ke iya sa wa hannu, ba sai an jira wata babbar gasa ta ƙasa da ƙasa ba.

Haraji na biyu ruwa ne, kuma ya fi na farko wuya. Filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68 ya kai murabba'in mita 7,140. Ma'ana, kowane milimita ɗaya na ruwa da aka yayyafa masa ya ci lita 7,140, ciyawa kuwa a bazara tana neman milimita da yawa kowace rana. A Yamai, bakin kogin Kwara, abin na yiwuwa. A Damagaram, inda mata da yara suka saba bin layin famfo tun asuba da jarkoki, ba wani shugaba mai kunya da zai zuba ruwan sha bisa ciyawa don samari 22 su yi gudu. Ciyawar roba ta kawar da wannan matsala, amma ta zo da tata: tana shan rana fiye da ciyawar Allah, har takan ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi da tsakar rana. Watau wanda ya shimfiɗa roba bai sa fitila ba, ya yi rabin aiki, kuma rabin da ya rage shi ne mai cutar da ɗan wasa.

Akwai masu cewa a bar wahalar fitila, a tattara gasa duka cikin ɗari. Shawara ce mai kyau, amma lissafi bai ba ta gaskiya duka ba. Daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da zafin rana ke sauka wajen digiri 32 zuwa 36, dare kuma ya yi sanyi, mako 17 ne kawai. Gasar ƙungiya 14 da kowace za ta kara da 'yar uwarta gida da waje tana cin mako 26, ban da kofin ƙasa, ban da ranakun da ake tsayawa don ƙungiyar ƙasa. Ko an fara a Oktoba, wanda shi ma yana da nasa zafin bayan damana, dole wutsiyar gasa ta shiga Maris da Afrilu. Abin da hankali ke ɗauka shi ne a haɗa biyun: a soma da wuri, ranar da aka sanar ba ɗagewa, a ci moriyar ɗari da wasannin la'asar, sa'an nan sauran makonnin a yi su da dare. Kowane mako da aka ɓata a Nuwamba ana jiran kuɗin tafiya ko ana gardamar takardu, a Mayu ake biyan bashinsa, kuma ɗan wasa ne ke biya da jikinsa. Azumi ma, da ke matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, ba ya zuwa ba zato. Ana iya sa shi cikin tsari tun shekara ba ta kama ba.

Saura tambayar da ta fi duka: in an kunna fitila, mutane za su zo? Tarihin kwanan nan ya ba da amsa. A wasannin neman shiga gasar kofin Afirka ta 2012, Mena ta karɓi baƙi uku a filin Janar Seyni Kountché, wanda aka buɗe a 1989 mai ɗaukar mutum 35,000, ta kuma kayar da su duka: Misira, mai riƙe da kofin sau uku a jere, ta sha kashi 1 da 0 cikin Oktoba 2010 da ƙwallon Moussa Maazou, Saliyo 3 da 1 cikin Maris 2011, Afirka ta Kudu 2 da 1 cikin Satumba 2011. A wasanni uku na waje kuwa Mena ba ta jefa ko ƙwallo ɗaya ba. Da makin gida kaɗai ƙasa ta shiga gasar karo na farko, ƙarƙashin Harouna Doula. Likitocin wasanni sun ce jikin baƙo na bukatar kwana 10 zuwa mako 2 kafin ya saba da zafi, baƙon ƙwallo kuwa kwana 2 ko 3 yake yi. Ashe abin da ake kuka da shi yana iya zama garkuwa ga mai gida. Kokowa ma shaida ce: tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa cikin 1975, duk garin da ya karɓi baƙunci filinsa cika yake yi, waɗanda ba su samu shiga ba kuma su kewaye rediyo. Dalili ba ɓoyayye ba ne. An saba yin ta lokacin sanyi, kuma kowane ɗan kokowa yana ɗauke da sunan jiharsa. In ya faɗi, gari ne ya faɗi.

Wannan batu na sunan gari shi ne inda ƙwallon ƙasa ya yi rauni. Daga 2013 zuwa 2024, duk shekarar da aka ba da kofin gasar ƙasa, ƙungiyar wata rundunar masu kaki ce ko ta wani kamfanin gwamnati ta ɗauke shi: AS Douanes, AS GNN, AS FAN, US GN, AS SONIDEP, Nigelec, dukansu da mazauni a Yamai. Ba laifi ba ne gare su. Su ne suka riƙe wasan da albashi da tsari a lokacin da wasu suka kasa, kuma AS FAN a 2010 da US GN a kakar 2021 zuwa 2022 sun kai sunan ƙasa zagayen rukuni na kofin ƙalubale na Afirka. Amma mai sayar da goro a kasuwar Dole ta Damagaram, ko ɗan kabu-kabu a Maraɗi, zuciyarsa ba ta bugawa don ma'aikatar da ba ya aiki cikinta. Dattawa na tuna 1983, da Jangorzo ta kai kofin ƙasa Maraɗi, da 1984, da Espoir ta kai shi Damagaram. Ranar waɗannan shekaru ba ta fi ta yau sauƙi da wani abin kirki ba, hanyoyin mota kuwa sun fi na yau muni.

Ƙungiyar jiha tana da nauyin da ta babban birni ba ta sani ba. Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita fiye da 600 ne, daga Damagaram kusan 900, daga Arlit fiye da 1,000. Ƙungiyar da ta kwana cikin mota mai zafi, ta sauka da safe ta shiga fili da la'asar, an ci ta tun kafin a hura usur. Saboda haka kuɗin tafiya da masauki ba alfarma ba ne da za a riƙa roƙo ƙofa ƙofa kowane mako. Kamata ya yi hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, ta sa shi cikin asusun gasa tun farko, a raba bisa nisan hanya.

Sa'an nan kowane gari ya nemi Sodecoton nasa. Maraɗi, wadda ta karɓi wasannin kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2019 tare da Yamai, tana da alhazan da sunansu ya kai Kano da Kwatano. Damagaram tana da matatar man fetur tun 2011. Jihar Tawa tana da sumuntin Malbaza da albasar Galmi, da ɗiyanta masu yawa da ke fatauci a ƙasashen gaɓar teku. Abin da ake nema gare su ba kyautar rana ɗaya ba ce da ake sanarwa da kalangu a manta. Alkawari ne rubutacce na shekara 3 ko 5, da albashin da ke shiga hannun ɗan wasa ƙarshen wata, da likita a bakin fili, da ruwan sanyi a gefen layi. Su kuma shugabannin ƙungiyoyi, wajibi ne su buɗe littafin kuɗi, domin ɗan kasuwa ba ya zuba dukiyarsa cikin rijiyar da bai ga ƙasanta ba. Kuɗin ƙofa a ƙirga shi gaban shaidu, a sanar da yawan tikitin da aka sayar bayan kowane wasa, manya masu shiga kyauta da tawagarsu su fara sa hannu aljihu.

Ba a bukatar sabon fili mai ɗaukar dubu 40 don a gwada wannan. Birnin Manawus na Barazil ya gina irinsa don wasanni 4 na kofin duniya na 2014, ya yi shekaru yana neman wanda zai cika shi. Fili mai ɗaukar dubu 8 ko dubu 10, da rumfa, da famfo, da fitilun da aka tabbatar suna kamawa, ya ishi kowane babban garin jiha. Kafin a buɗe gasa mai zuwa, hukumar ƙwallo da ma'aikatar matasa da wasanni da magadan gari na iya zaɓen gari ɗaya cikin Maraɗi, Damagaram da Tawa, a mai da dukan wasanninsa na Maris da Afrilu bayan sallar isha'i, a ƙirga mutanen da suka biya suka shiga, a gwama da na la'asar ɗin bara, a buga adadin kowa ya gani.